Shekarunsu ɗaya, jikinsu daban: abin da koci ke aunawa kafin atisaye

Ku ɗauki misalin yara biyu. Kowannensu shekararsa 13. Ɗaya murya ta buɗe, kafaɗa ta yi faɗi. Ɗayan kuwa rigar ƙungiya har gwiwa take kai masa. Da an ga irin haka a bidiyo sai a fara cewa an rage wa babban shekaru. Ana yin hakan, ba mu musa ba, amma sau da yawa takardar haihuwar gaskiya ce, balaga ce ta riga zuwa wa ɗaya.

Wannan na cikin abin da ake karantawa a digiri na biyu na kinisiyoloji, ilimin motsin jikin ɗan Adam. Karatun galibi shekara 1 zuwa 2 ne: tsarin ƙashi da tsoka, yadda zuciya da huhu ke ɗaukar gudu, halayyar ɗan wasa, sai bincike a ƙarshe. Digirin kuma ba lasisin koci ba ne. A ƙwallon ƙafa hukumomi irin su CAF da UEFA ke da tsarin lasisi. Mu wuce.

Ga inda nake so mu tsaya. Kafin a ɗora wa yaro atisaye, sai an san inda ya kai a girma. A auna tsawonsa a tsaye, ba takalmi. Ya zauna a kan benci, baya a miƙe, a auna daga bencin zuwa tsakar kansa. A cire wannan daga wancan, an samu tsawon ƙafa ke nan. A auna nauyi, a rubuta, bayan 'yan watanni a sake.

In aka zana sakamakon awon tsayin a layi, akwai inda zai haura kwatsam. Lokacin da tsayi ya fi sauri ke nan: 'yan mata wajen shekara 12, maza wajen 14, kuma namiji kan ƙara santimita 9 ko 10 a shekara guda. Wani kan riga sa'anninsa da shekara 2, wani ya makara da 2.

A wannan tsakanin ƙashi na saurin tsawo, jijiya na jan guringuntsin da bai gama ƙwari ba. Shi ne za ka ga yaro na dafa ƙasan gwiwa bayan wasa, wurin har ya kumbura. Likitoci na kiransa Osgood-Schlatter. Yaron da bara ƙwallo ke manne masa a ƙafa, bana tuntuɓe yake yi. Don Allah kar a ce masa rago. A rage masa yawan tsalle da gudu, a ƙara atisayen daidaita jiki, in ciwon ya ƙi tafiya a kai shi ga likita. Ɗaga ƙarfe daidai ƙarfinsa, da mai sa ido a kai, ba ya hana shi tsayi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne a sallami mai makara don ƙanƙanta. Makarantun horar da yara na kulob-kulob ɗin Firimiyar Ingila sun gwada wata dabara: a ƙiyasta tsawon da yaro zai kai daga tsawonsa, nauyinsa da tsawon iyayensa, sannan a haɗa wasa tsakanin waɗanda suka ci kaso iri ɗaya na wannan tsawon. Mai ƙirar ƙarfi ya gamu da daidai shi, dole ya koma ga dabara, ƙaramin kuma ya samu sararin riƙe ƙwallo. Ba a soke rukunin shekaru ba, jefi-jefi ake shirya irin wannan wasan.