Ɗan Talaka da Kujerar Majalisar Jiha

Masu sauraro, assalamu alaikum. Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, akwai labarin da kan yi kasuwa a wuraren gangami tun daga Azare har zuwa Kaltungo, wato labarin ɗan takarar da ya tashi cikin maraici, ya yi ga-ruwa ko ƙwadago a gonar wani, ya je makaranta babu takalmi, yau kuma ga shi yana neman kujerar majalisar dokokin jiha. Sau da yawa labarin gaskiya ne, kuma babu mai musun cewa wanda ya fito daga wannan hali har ya kai ga tsayawa takara ya yi namijin ƙoƙari. Sai dai akwai ɓangaren da ba a cika faɗa a kan mumbari ba, shi ne yadda aka yi sunansa ya kai ga hukumar zaɓe, da kuma wanda ya ɗauki nauyin kai shi.

A takarda, ƙofa a buɗe take. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 bai nemi komai daga mai son kujerar majalisar jiha ba illa ya zama ɗan ƙasa, ya yi karatu zuwa matakin sakandare ko makamancinsa, ya cika shekarun da aka gindaya, sannan wata jam'iyya ta tsayar da shi. Shekarun ma an rage su daga 30 zuwa 25 a gyaran da shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Mayun 2018. Kujeru 31 ne a majalisar Bauchi, 24 a ta Gombe, kuma doka ba ta keɓe ko ɗaya daga ciki ga ɗan mai kuɗi ba.

Sharaɗi na ƙarshe, wato samun tikitin jam'iyya, shi ne inda gizo ke saƙa, domin tsarinmu bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. A shekarar 2022, jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin takarar majalisar jiha a kan naira miliyan 2, PDP kuma naira 600,000, ko da yake dukkansu sun yi wa matasa da mata rangwame. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, ma'ana ƙaramin ma'aikaci zai tara albashinsa na sama da shekara biyar da rabi, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi fom mafi tsada a cikin biyun. Fom kuwa somin taɓi ne kawai. Bayansa, a wancan lokacin, akwai daliget da za a gani ɗaya bayan ɗaya kafin zaɓen fid da gwani, da shugabannin jam'iyya na mazaɓu, da fasta, da man mota, da wakilan da za su tsaya a kowace rumfa ranar zaɓe, ban da gudummawar biki da suna da ta'aziyya waɗanda ba sa ƙarewa. Dokar zaɓe ta 2022 ta ƙayyade cewa kada ɗan takarar majalisar jiha ya kashe fiye da naira miliyan 30, kuma wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna irin mutumin da masu dokar suke sa ran zai tsaya.

To ina ɗan talaka zai samo wannan kuɗi? Kaɗan ne suke tara shi da guminsu ta hanyar kasuwanci ko aiki, kaɗan kuma jama'ar garinsu ke yi wa karo-karo. Mafi yawa ubangida ne ke ɗaukar nauyinsu, kuma Bahaushe ya riga ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ɗan majalisar da ya shiga zaure da irin wannan bashi a wuyansa zai yi wuya ya buɗe baki ranar da aka kawo kasafin kuɗin da ya tauye asibitin ƙauyensu, in dai maigidan nasa yana da hannu a ciki. Ga kuma ɗimbin tsararrakinsa da siyasa ba ta buɗe wa wata ƙofa ba sai ta bangar siyasa, waɗanda muka sani da sunan 'yan kalare a Gombe da 'yan sara-suka a Bauchi.

Tarihin ƙasar Bauchi yana da abin da zai ce a kan wannan. Marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka haifa a 1912, ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa hidima yake yi a gidan hakimi. Makaranta ce ta ɗaga shi, daga Bauchi zuwa Kwalejin Katsina, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, inda ya yi zamani da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur a zauren tattaunawar da 'yan boko suka kafa a farkon shekarun 1940. Shi ma ba da ƙarfin kansa kaɗai ya shiga Majalisar Arewa ba, ta hannun En'e, wato hukumar mulkin gargajiya da ke ƙarƙashin sarakuna, ya bi. Amma a 1950 ya miƙe a cikin wannan majalisa ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa tsarin En'e garambawul, a lokacin da taɓa ikon sarakuna ba ƙaramin ganganci ba ne. A ganina, wannan ya fi labarin yarintarsa muhimmanci, domin ya nuna cewa wanda aka kama wa hannu yana iya faɗa wa wanda ya kama shi gaskiya.

Tsanin da ya hau kuwa yana nema ya gagari 'ya'yan talakawan yau. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 133 na cikin talauci mai fuskoki da yawa, Gombe kuma na cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Yaron da ya bar aji don talla ko kiwo ya rasa shaidar sakandaren da kundin tsarin mulki ya nema tun kafin a zo maganar fom.

Saboda haka, idan ɗan takara ya zo mana da labarin wahalar da ya sha, mu saurare shi da girmamawa, sannan mu tambaye shi wa ya saya masa fom, wane alkawari ya ɗauka kafin a saya, kuma me ya yi wa firamaren da ya fito tun daga ranar da Allah ya buɗa masa. Jam'iyyu su rage kuɗin fom, su ba dukkan masu katin jam'iyya damar zaɓen ɗan takara kai tsaye kamar yadda doka ta halatta, hukumar INEC kuma ta riƙa wallafa rahoton kuɗin yaƙin neman zaɓe ta yadda mutumin Darazo ko Dukku zai iya dubawa kafin ya je rumfa.