Gyaran Gida Kafin Damina Ta Sauka

Assalamu alaikum jama'a. Wannan zafin da ke hana mu barcin ɗaki tun watan Maris, shi ne sallamar damina. A Kano da Katsina da Maraɗi, ruwan farko yakan faɗi tsakanin Mayu da Yuni, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: guguwa ce ke yi masa jagora. Don haka yau za mu bi ruwan sama tun daga inda yake dira a kan gida har inda yake fita, mu ga inda zai iya yi mana ɓarna.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Idan rufin gidanka mita 10 ne tsawo, mita 10 faɗi, aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, to lita 5,000 ce ta sauka a kanka. Jarka 200 ke nan, irin mai lita 25 da 'yan garuwa ke turawa. A dare ɗaya fa. Ruwan nan dole ya sami hanya, in ba ka yi masa ba ya yi wa kansa.

Mai rufin kwano, kafin ka nemi tsani, shiga ɗakin da ba shi da silin da rana tsaka, ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk inda ka ga ɗigon haske, nan ruwa zai zubo. Inda akwai silin kuma, nemi tabon bara, wannan zagayen mai ruwan ƙasa. Sai dai yoyon ba lallai ne yana saman tabon daidai ba, domin ruwa yakan bi katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga.

Hawa kuma da sassafe ake yi, kafin kwano ya ɗau zafi, a riƙa taka layin ƙusa, don nan ne katako yake a ƙasa. Ku dubi kowace ƙusa da kyau. Zafin rana yana buɗa kwano, sanyin dare yana tsuke shi, shekara da shekaru, har ta ɗago kai ramin ya yi mata yawa. A zare ta, a buga sabuwa mai hula, a toshe tsohon ramin da kwalta. Amma abin da ya fi yoyo haɗari shi ne bakin rufin. Iska daga nan take shiga ta ɗaga, kuma in ta sami falle ɗaya, sauran sun zama nata. Sa kafinta ya duba langalangar da ta ɗaure katako da bango, ko ta yi tsatsa, ko gara ta cinye katakon ta bar ɓawo. Ƙwanƙwasa shi, in ka ji yana amsawa kamar ganga, canji yake so. Masu ɗora tsofaffin tayoyi don danne kwano kuwa, ku sani kun gina wa sauro gida a saman kanku.

Mai ginin ƙasa, kai aikinka ya fi tsufa, kuma iyayenmu sun fi mu iya shi. Ba sa barin bazara ta wuce ba a yi yaɓe ba. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake. Ana kwaɓa ƙasa da ramno, wato busasshiyar ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsumu, a cike tsaga, sannan a bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Wasu yanzu siminti suke shafawa a kan bangon ƙasa. Ni dai ban yarda da shi ba: ba sa kama juna, ruwa ya ɓuya a tsakani, bangon yana ruɓewa a ciki kana ganin waje fes, sai ranar da zai ɓantare gaba ɗaya.

Hau soro ka share. Ƙurar hunturu da ganye da leda duk sun taru a bakin indararo. In ya toshe, ruwa zai kwanta a saman ɗaki, ƙasa ta jiƙe ta yi nauyi, azara ta gaji. Wasu ɗakunan da ke ruftawa a marka, cikin Agusta, daga nan labarinsu ya faro. Indararon ma ya yi tsawon da zai watsa ruwa nesa da bango, a sa dutse ko fasasshen bulo inda yake zuba don kada ya zaizaye gindin ginin.

To, ruwa ya sauko tsakar gida. Ɗauki bokiti biyu ka kwara a ƙasa, ka tsaya ka ga inda ya nufa. Ya tafi rariya? Madalla. Ya kwanta a gindin katanga ko ya doshi ƙofar ɗaki? Yanzu ne lokacin zuba birji a daɓe, tun ƙasa na bushe.

Sai kwatar ƙofar gida, wadda kowa ke ganin ta hukuma ce. Wata shekara na yashe tawa tsaf, na tara yashi da ledar fiya wata a gefe da niyyar gobe a kwashe. A daren aka yi ruwa, duk ya koma inda ya fito, har da ƙari. In ka yashe, kwashe a ranar. Kuma ka yi wa maƙwabta magana a yi gayya, don kwatarka ba ta da amfani in ta gaba da kai a toshe take.

Akwai abu biyu da ba a son su haɗu: masai da rijiya. Masana lafiya suna cewa a bar mita 30 a tsakaninsu, amma gida nawa ne a cikin gari ke da wannan filin? Abin da za ka iya shi ne ka ɗaga bakin rijiya, ka sa mata murfi, ka duba bakin masai ko ya tsage, in ya kusa cika a kwashe shi yanzu. Amai da gudawa da damina ta wannan hanyar yake shiga gidaje.

Uwargida, ki zagaya bayan ɗaki. Fasasshiyar randa, gwangwani, tsohon kwano, duk abin da zai riƙe ruwa a kife shi ko a fitar, domin sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 10 ya ishe shi. Tarin itace a ɗaga shi daga ƙasa a rufe, da sanda a hannu, don kunama da maciji nan suke fakewa. Reshen darbejiyar da ya rufa kan kwano a sare shi, amma in ya taɓa wayar lantarki, a bar wa ma'aikatan wuta.

Masu sola, kafin ku sauko daga rufin, ku goge ƙurar da ke kan farantan, ku gwada ƙarafan da suka riƙe su da hannu. In sun motsa, a ɗaure su yau.