Gadar Akwatin Ƙarfe: Inda Ƙarfinta Yake da Inda Take Gazawa

Masu kallo, ku leƙa ƙarƙashin wannan gada. Abin da ke ɗauke da titin wani dogon akwati ne na ƙarfe, cikinsa fayau: faranti a sama, faranti a ƙasa, bango biyu a gefe, duk an haɗe su da walda.

Me ya sa akwati? Idan tirela ta taso daga Ashaka da lodin siminti ta bi gefe guda, ba danna gadar kawai take yi ba, har murɗa ta take yi. Rufaffen akwati kuwa ba ya murɗuwa da sauƙi, shi ya sa injiniyoyi ke zaɓensa inda gada ke da kwana.

Rauninsa yana ga farantin. Ga faɗi, ba kauri. In nauyi ya matse shi sai ya lotsa kamar gwangwanin madara da aka taka, tun ƙarfen bai kai iyakar ƙarfinsa ba. Don haka ake yi masa haƙarƙari ta ciki, a tsaye da a kwance, sannan a kan kowane ginshiƙi a gitta bango mai kauri cikin akwatin, ya sauke nauyin ƙasa.

Wannan bangon ne ya gaza a Milford Haven ta Birtaniya a 1970, mutum 4 suka mutu. A watan Oktoba na shekarar, a gadar West Gate ta Ostireliya, ɓari biyu na akwatin suka saɓa da kusan santimita 11. Aka jibga tubalan kankare don su daidaita, faranti ya lotsa, aka kwance notuna wai a miƙar da shi, gadar ta rufta, mutum 35 suka mutu. Dukansu ana cikin gini ne, mota ko ɗaya ba ta hau ba. Lissafin da bai bi aikin ɗorawa mataki-mataki ba, rabin lissafi ne.

Sai zafinmu. Ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da milimita 36 idan zafi ya hau da digiri 30, kuma tsakanin daren hunturu da ranar Afrilu a Gombe, bambancin zafin ƙarfen da rana ke duka ya wuce haka. Dole a bar masa tazara a bakin gada, a riƙa kwashe yashi da ƙurar da ke cike ta.

A ƙasan akwatin kuma a huda ramukan fitar ruwa, a sa musu raga saboda jemagu, a bar ƙofar da mai duba tsatsa da tsagewar walda zai shiga da tocila.