Sharhi: Wa Zai Cike Ramin?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya bi hanyar Bauchi zuwa Jos, ya ɗan sauka daga kwalta a ƙasar Toro, zai tarar da tsibi-tsibin ƙasa da ramuka birjik, aikin masu neman kuza. Da rani ramuka ne kawai. Da damina kuwa kududdufai ne, inda saniyar makiyayi ke zurmawa, yaro ya tafi wanka a koma neman gawarsa. Gonar da aka birkice ƙasarta, ta sama ta koma ƙasa, ko an cike ramin ba za ta sake ba da dawa kamar da ba. Rafin da ake wanke kuzar a cikinsa kuma, shi ne na sha da na ban-ruwan lambu.

Mun ga irin wannan tun zamanin Turawa. Har zuwa 1926 tsaunukan Jos a cikin Lardin Bauchi suke. Kamfanonin da suka haƙi kuza a can sun kwashe sun yi gaba, amma tafkunan da suka bari a Bukuru da Barikin Ladi suna nan har gobe. Sai kuma Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda jarirai ke rarrafe.

Ba doka aka rasa ba. Tsarin mulkin 1999 ya danƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta wajabta wa mai lasisi ya ƙulla yarjejeniya da mutanen gari, ya kuma gyara ƙasar in ya gama. Inda babban kamfani ke aiki, kamar mahaƙar kwal ta Maiganga a Akko ta jihar Gombe, wadda ke bai wa masana'antar siminti ta Ashaka makamashi, aƙalla akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. To ramin da samari goma suka tona da diga da shebur fa? Daga Abuja ake bayar da lasisi, alhali ramin yana bayan gidan mai unguwa.

Ni dai ban ga laifin saurayin da ya shiga rami don abin sa wa a baka ba. Wa ke son kwana a ƙarƙashin ƙasa in da wani aikin? Wanda ya kamata a riƙe shi ne dillalin da ke zuwa da sikeli da mota, da wanda ke saye a hannunsa. A sa su ajiye kuɗin cike rami kafin a ɗora buhu ɗaya a mota. Hakimai da dagatai kuma, da saninsu ake bayar da hayar gonakin nan, don haka su riƙa rubuta sunan duk wanda ya karɓi fili, da ranar da zai mayar da shi a cike.

A huta lafiya.