Darasin Kiɗa: Yadda Aka Haɗa "Didn't Cha Know" ta Erykah Badu

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Mai abin sa wa kunne ya ɗauko, domin kiɗan da za mu fayyace yau lasifikar waya ba ta fitar da shi yadda ya kamata.

Waƙar ita ce "Didn't Cha Know" ta mawaƙiyar Amurka Erykah Badu, daga kundin Mama's Gun da kamfanin Motown ya fitar a 2000. Salon shi ake kira neo soul: rerawa irin ta mawaƙan soul na shekarun 1970, amma gangar da ke ƙarƙashi ta hip hop ce. Wanda ya haɗa kiɗan kuwa J Dilla ne, ɗan Detroit a Amurka.

To, ya aka faro? Badu ce ta je har gidansa, ya nuna mata tarin faya-fayen garmaho, ya ce ta zaɓa. Hannunta ya faɗa kan na wata ƙungiyar jaz mai suna Tarika Blue, na 1977. A cikinsa akwai wani kiɗa, "Dreamflower". Nan Dilla ya yanko guntu, ya sa yana ta maimaituwa. Bes ɗin nan, wato sautin nan mai kauri na ƙasa, da kuke ji yana mirginawa, da jitar da ke kuka a hankali, tushensu ke nan.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Dilla da injin haɗa kiɗa na Akai MPC3000 aka san shi, kuma an san shi da kashe kwantaiz, wato abin da ke jawo kowane bugu ya zauna daram a kan layi. Da yatsunsa yake bugawa, ya bar wani bugun ya ɗan makara, wani ya ɗan riga. Sai kiɗan ya riƙa rangaji kamar tafiyar raƙumi. Ku buɗe manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ku jera kik (babbar ganga mai kauri) da sineya (ƙaramar ganga mai kaifin sauti), sannan ku cire maganaɗisun da ke manna bugu a kan layi, ku ja sineyar baya kaɗan. Kaɗan fa na ce! In ta yi yawa, shirme ne. Hai-hat kuma, wato farantan ƙarfen nan masu ƙarar cas-cas, kada ku ba kowane bugu ƙarfi ɗaya. A ganina nan yawancin yaranmu na sitidiyo ke faɗuwa: komai a miƙe, tsaf-tsaf, amma ba rai.

Murya fa? Badu ba ta ɗaga ta. Tana bin kiɗan a baya-baya, ta ɗora muryoyinta ɗaya kan ɗaya a amshi. Ku rage otocun, wato manhajar da ke daidaita murya, ku bar numfashi ya fito. A Electric Lady aka yi yawancin aikin kundin, sitidiyon da makaɗin jita Jimi Hendrix ya buɗe a New York a 1970, inda makaɗa da mawaƙa irin su Questlove da D'Angelo da James Poyser suka tare lokacin da ake aikin kundin.

Sai gargaɗi. Ba a nemi izinin masu "Dreamflower" ba kafin waƙar ta fita, daga baya sai da aka biya aka sasanta. Duk wanda zai yanko kiɗan wani, ya fara neman mai shi.

Aikin gida: ku haɗa zagayen kiɗa mai maimaituwa guda biyu da saurin bugu 85 a minti, ɗaya da kwantaiz, ɗaya babu, ku turo mana duka biyun. Sai mako na gaba, in Allah ya kai mu.