Daren da Sarkin Faransa Ya Sulale

Bilkisu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma ina tare da Malam Habu. Malam, mu dai a makaranta cewa aka yi ranar 14 ga Yuli 1789 mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastil, shi ke nan sarauta ta faɗi.

Malam Habu: Ai da sauran aiki, Bilkisu. Bayan Bastil sai da Sarki Louis na 16 ya ƙara shekara uku a kan karaga. Kuma fursuna bakwai kacal aka tarar a ciki. Albarushi mutane suka je nema, don da safe sun kwaso bindigogi amma babu abin ɗurawa.

Bilkisu: Bakwai? Duk wannan suna da ya yi?

Malam Habu: Bakwai. Yunwa ce ta fito da su. Ƙanƙara ta buge alkama a 1788, burodi ya yi tsada. Baitulmali kuma wayam, an ci bashi wajen taimakon Amurka a yaƙinta da Ingila. Masu sarauta da manyan coci na da filaye, amma nauyin haraji yana wuyan talaka, har gishiri sai ya biya.

Bilkisu: To ai kuwa ciki ba ya jin lallashi.

Malam Habu: Shi ya sa a watan Oktoba na 1789 matan kasuwa suka tako a ƙafa cikin ruwan sama har fadar Versailles, suka taso sarki da iyalinsa gaba zuwa Paris. Amma ki lura, har lokacin ba cire shi suke nema ba. Da yawa na ganinsa uba ne da fadawa suka kewaye.

Bilkisu: Me ya ɓata ruwan ke nan?

Malam Habu: Shi ya ɓata da hannunsa. Daren 20 ga Yuni 1791 ya yi shigar hadimi, shi da matarsa Marie Antoinette da 'ya'yansu suka fice a ɓoye, suka nufi Montmédy kusa da iyaka, inda sojojin da ke goyon bayansa ke jira. Sai suka ɗauki wani shirgegen keken doki mai tafiyar hawainiya.

Bilkisu: Haba Malam! Mai gudu da kaya niƙi-niƙi?

Malam Habu: Wallahi. Suka makara, sojojin da za su tarbe su a hanya suka gaji suka watse. Wani mai kula da gidan waya, Drouet, ya gane fuskarsa, ya bi su zuwa garin Varennes, aka tare gada. Abin da ya fi muni, ya bar takarda a fada yana sukar sauye-sauyen da ya nuna ya amince da su.

Bilkisu: Wato ya bar shaida a kan kansa.

Malam Habu: Ƙwarai. Da aka dawo da shi, jama'a suka cika titi shiru, ba wanda ya cire masa hula. A wurinsu wannan ba ƙaramin wulaƙanci ba ne.

Bilkisu: Amma Malam, ni fa ina ɗan tausaya masa. Mutum yana tsare a gidansa, ba zai nemi mafita ba?

Malam Habu: A matsayin magidanci, ban ga laifinsa ba. A matsayin sarki kuwa, ya yi wauta. Da yaƙi ya ɓarke da Ostiriya a Afrilun 1792, ƙasar su matarsa fa, wa zai yarda ba ya tare da maƙiya? Ranar 10 ga Agusta aka far wa fadarsa ta Tuileries a Paris, 21 ga Satumba majalisa ta soke sarauta, 21 ga Janairu 1793 aka fille masa kai. A shari'ar ma ba a ce masa sarki ba, Louis Capet aka kira shi.

Bilkisu: Ita kuma matar?

Malam Habu: A Oktoban shekarar ta bi shi. Nata labarin na da tsawo, kuma ga shi an fara kiran la'asar.

Bilkisu: To mu ajiye shi sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.