Kafin a zuba yashi a bakin kogi

Assalamu alaikum jama'a, na gode da kuka daure kuka tsaya har zuwa yanzu. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda ake farfaɗo da gaɓar kogin da ya ratsa cikin birni, a mai da ita wurin shaƙatawa mai rairayi da lambu da wurin wasan yara, kuma tun daga farko zan faɗa muku inda na tsaya: yawancin masu wannan aiki daga ƙarshe suke farawa. Za ka ga an kawo zane mai kyau a kwamfuta, ga lema ga benci ga fitilu ga yara suna gudu, kowa ya tafa, amma ba wanda ya tambaya shi ruwan da ke gaban yashin nan me ke cikinsa.

Bari mu ɗauki Paris a Faransa. A 2002 magajin garin lokacin, Bertrand Delanoë, ya fara abin da suke kira Paris Plages, wato a shekarun farko duk lokacin zafi akan rufe titin da ke bakin kogin Seine a kawo yashi da kujeru mutane su zo su kwanta. Abin ya karɓu sosai. To amma ruwan fa? Tun 1923 doka ta hana wanka a kogin, mutum yana kwance a yashi yana kallon ruwa ba halin ya shiga. Dalilin kuwa tsohuwar magudanar birnin ce, bututu ɗaya ne ke ɗaukar ruwan sama da ƙazantar bandakunan gidaje, in aka sheƙa ruwa mai yawa sai ya cika ya tumbatsa a saki rarar cikin kogi, ƙazanta da komai. Sai da suka kashe wajen Yuro biliyan 1.4, ciki har da wani ƙaton tanki da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa kusa da tashar jirgin Austerlitz mai cin ruwa kubik mita 50,000, aikinsa kawai ya riƙe ruwan har sai an tace shi. Duk da haka a gasar Olamfik ta 2024 sai da aka ɗage wata gasa saboda awon ruwan bai yi kyau ba. Sai a watan Yulin 2025 aka buɗe wa jama'a wurare uku su yi iyo. Ku lissafa, shekara 23 tsakanin zuba yashi da shiga ruwa.

Shi ya sa nake cewa aikin gaskiya a ƙarƙashin ƙasa yake inda ba mai gani, kuma shi ne wanda 'yan siyasa ba sa so don ba a yanka masa ƙyalle a ɗau hoto. A Kofanhegan ta Denmak sun gyara magudanai tukuna sannan suka buɗe wurin iyo a tashar ruwansu a 2002, kuma suna da tsarin gargaɗi, in ƙazanta ta shiga ruwa a rufe wurin har ya washe. Wannan shi ne mutunta jama'a. Ana auna ƙwayar cutar da ake kira E. coli, ita ce ke nuna bayan gida ya shiga ruwa, kuma ni a ganina sakamakon awon nan a allo ya kamata a kafa shi bakin ƙofa kowace uwa ta karanta kafin ta saki ɗanta.

Sai maganar halin kogi. Kogi ba teku ba ne, yana cika yana janyewa, kuma ranar da ya tashi ba ya neman izinin kowa. Wanda ya gina bandaki da ɗakin wuta da shaguna a ƙasa dab da ruwa, to ya gina wa ambaliya ne. A Munik ta Jamus tsakanin 2000 da 2011 sun yi wa kogin Isar aiki na kusan kilomita 8, maimakon su ƙara matse shi da kankare sai suka faɗaɗa masa hanya suka bar tsakuwa ta yi gaɓa, ruwa ya samu inda zai baje in ya cika, in ya janye mutane su dawo su zauna. Abin da ke ƙasa ya zama wanda in ruwa ya shanye shi wanki kawai zai buƙata, ciyawa, matakala, bencin dutse. Mai tsada kuma a kai shi tudu.

Wani ya tambaye ni ɗazu a waje, to wane abu ne ya fi muhimmanci a cikin lambun kansa? Wallahi bandaki ne. Bandaki mai ruwa mai tsabta wanda a buɗe yake, na mata daban, da wurin canja kaya. Sai inuwa, bishiya ta gaske ba lema kaɗai ba, sai fitila da dare, sai hanyar da mai keken guragu da tsoho mai sanda za su bi har bakin ruwa ba tare da an ɗauke su ba. Sai masu ceto, don ƙasan kogi yaudara gare shi, taku biyu ruwa iya gwiwa na uku rami, ga kuma ja a ƙasa da ido ba ya gani, dole a kewaye inda aka yarda a yi iyo da igiya a sa mutum ya zauna yana kallo.

Duk waɗannan kuwa albashi ne, ba kwangila ba. Kuɗin gini sau ɗaya ake fitarwa, kuɗin shara da gyaran famfo da sauya yashin da ruwa ya kwashe kullum ne, in ba a sa shi a kasafi tun ranar farko ba shekara uku ta isa wurin ya koma juji.

Abu na ƙarshe da yake damuna, su wa ake yi wa? Kafin injiniya ya zo akwai masu kamun kifi a wurin, akwai masu kwale-kwale, akwai masu ƙaramar sana'a da talakawan da ke zaune a gefen ruwa don nan ne kaɗai suka samu. A Ahmedabad ta Indiya aikin gaɓar kogin Sabarmati ya tashi dubban iyalai aka kai da yawansu nesa da inda suke neman abinci. Saboda haka in an kira ku taron jin ra'ayi ku je, ku tambaya shiga kyauta ne ko da tikiti, ku tambaya ina za a kai waɗanda ke wurin yanzu, ku ce a nuna muku sakamakon awon ruwa na bayan an yi ruwan sama ba na rani ba. To a nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu a miƙa masa makirfo.